Rawaya a Jikin Uwar Madaci

Babana malamin daji ne, ni kuma kafinta, ka ga kuwa ba a rasa abin faɗa a gidanmu. Shekara talatin da ɗaya yana shiga gandun daji da gwangwanin fenti biyu a bayan keke. Ya zaga itace da igiyar awo, wanda ya isa yanka ya shafa masa ja, wanda za a bari ya shafa masa fari. Masu farin nan su yake kira uwaye, manyan da 'ya'yansu ke zuba ƙasa su tsiro. A wajensa, wanda ya sare uwa ya cinye rabon jikokinsa.

Ni dai ban taɓa morar aikin nan ba. Sau nawa katako ya yanke mini, mai ƙofa na sintiri a shago, na je na ce, "Baba, ko guda ɗaya ka sassauta mana." Sai ya ce, "Jira damina ashirin." Damina ashirin! Kai, taurin kan Baba sai shi.

Bana ofishinsu suka canja fenti, aka daina kawo ja, aka koma rawaya. Ba wanda ya kawo komai a ransa. Ni ma da nake ganin Baba yana laluben takalminsa a bakin ƙofa, cewa na yi tsufa ne.

Ranar Talata da hantsi na je kasuwar katako, dillalina ya tarye ni da dariya.

"Kafinta, kakarka ta yanke saƙa! Yau za a kwantar da madacin bakin rafi. Babanka da hannunsa ya shafa masa rawaya."

Madacin nan mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, kuma duk ƙananan da ke gangaren rafin daga gare shi suka fito. Baba ba zai ba da shi ba ko da wuƙa a wuyansa. Na hau babur ban ko yi sallama ba.

Na same shi a tsakar gida yana wanke buroshi. Na buɗe gwangwanayen nan biyu na dire a gabansa.

"Baba, wanne ne fari?"

"Wane irin iskanci ne wannan?"

"Don Allah, Baba, nuna mini."

Ya sunkuya ya daɗe yana dubawa, ya kawo ɗaya dab da hancinsa, sannan ya nuna. Rawayar ya nuna. Na gaya masa, na kuma gaya masa abin da dillali ya ce. Buroshin ya suɓuce daga hannunsa.

Ashe yanar ido ce ta fara rufe masa gani tun bara, ya ɓoye don kada a sallame shi. Lokacin ja da fari yana iya rarrabewa. Da aka kawo rawaya sai ya koma dabara, fari a dama, rawaya a hagu. Rannan keke ya faɗi da shi a kwazazzabo, ya tsince gwangwanayen ya mayar, bai san ya juya su ba. Haushi ya kama ni, tausayi ya kama ni, na rasa wanda zan fara da shi.

"Ɗauke ni," ya ce.

Ban taɓa gudu irin na ranar ba. Yana bayana ya riƙe mini riga, yana ta salati. Tun daga nesa muke jin kukan injin zarto, duk sanda ya yi shiru sai in saurari faɗuwar itace. Baba kuwa sai cewa yake, "Ƙara wuta."

Muka tarar da madacin a tsaye. Sun share gindinsa, mai zarto yana zuba wa injin mai. Ga rawaya nan ɓaro-ɓaro a jikinsa.

"Ku dakata!" in ji Baba. "Wannan uwa ce."

Shugaban masu yankan ya zaro takarda. "Haba Malam, alamar hannunka ce fa, ga kuma izini. Mota na jira. In ba mai gidanka ne ya hana ba, ni ban ga abin da zai tsayar da ni ba."

Na kira mai gidan su Baba na ofis a waya, na miƙa wa Baba. Baba ya roƙa a hana yankan, mai gidan ya tambayi dalili. Na zuba wa Baba ido, don na san abin da amsar za ta jawo masa. Ya gyara tsayuwa a gaban mutanen da ya yi shekaru yana kora daga dajin nan.

"Ranka ya daɗe, idona ya tafi. Ba na bambance fari da rawaya."

Mai gidan ya ce a tsayar da yanka gaba ɗaya, Baba kuma ya kawo kayan aiki ofis gobe da safe. Mai zarto ya rufe tankin mai, ya kau da kai.

Na sauke ajiyar zuciya, na ce, "Alhamdu lillahi, Baba, mu tafi gida."

"Gida ina? Uwaye goma sha tara na shafa bayan faɗuwar keken nan. Wannan ɗaya ce."

Ya shige gaba, ina biye. Ba ya buƙatar ido a dajin nan, ƙafarsa ta san hanya. Muka haura tudu, muka bi ta bayan wani dutse inda ya ce akwai tsohuwar bishiyar madobiya, ɗaya daga cikin uwayen. Kafin mu ƙarasa ya ja ya tsaya. Rana ce ta dake shi a fuska, a wurin da shekara talatin bai taɓa jin rana ba. An riga an sare madobiyar. Ya cire hularsa, ya tsuguna, ya damƙi garin katako a ƙasa, har yanzu da ɗanyen ƙamshinsa.

"Saura goma sha bakwai," ya ce. "Kama ni mu je."