Kunkurun da na shafa wa galura

Jikata ce ta tsince shi a bakin fadama, shekarar da ta zo mana hutun damina daga Jega. Ɗan kunkuru ne, bai cika tafin hannuna ba, ƙoƙon bayansa ma bai yi ƙwari ba, in ka danna sai ya lotsa. Da hutu ya ƙare uwarta ta ce ba za a shiga mota da shi ba. Yarinyar ta aje mini shi a cinya.

"Tsoho, amana ce. In na dawo na iske babu shi, na fasa aurenka."

"To, amarya," na ce. A raina ina cewa abin da ba ya gudu, me zai yi wuya a tsaronsa?

Ashe duk wani mai baki a garinmu Giwa Tazo yana son shi. Kaji su tsattsage shi. Gafiya ta haƙo rami har gindin akurkin da nake kife shi. Na ɗora dutse, na kewaye da ƙaya, amma dole a sake shi ya sha rana ya ci ganye, a nan ne kuma shirwa take shawagi.

Ni karatuna bai yi nisa ba, sai dai na tashi ina ganin mata suna rina 'yan tsaki da galura don shirwa ta kasa gane su. Na saci ta tsohuwa uwargidana, na dama a gwangwani, na shafe bayan kunkuru ya yi ja wur.

Tsohuwa ta tsaya a kaina da tsintsiya.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Dabara."

"Wanga da Allah ya yi shi kalar ƙasa, ko ni sai na taka shi nika ganin shi. Yanzu ka kunna mishi fitila."

Shirwa dai ta bar shi, wannan kam ban yi ƙarya ba. Hankaki ne suka samu labari. Da can wucewa suke yi, yanzu sai su jeru a kan darni kamar masu jiran rabon zakka. Ɗaya ya taɓa ɗaga shi sama ya saki, gefen ƙoƙon ya ɓalle kaɗan. Na wanke shi da toka, na sa sabulu, jan ya kama saɓa-saɓar bayansa ya ƙi fita.

Haka na koma makiyayin kunkuru. Sa'o'ina suna Aliero wajen cinikin irin albasa, ni ina tsakar gida da hogen ƙasa na jifa a hannu, wuya ya ƙage don kallon sama. In zan je gona sai in sa shi a ƙwarya in rufe da faifai. Na bar zaman majalisa, don ina isowa ake tambayata lafiyar garke. Gwiwa ciwo, baya ciwo, shi kuwa gogan yana cin yakuwarsa a hankali, ko kallona ba ya yi.

Da jikata ta dawo hutu na gaba, ta juya shi, ta shafa inda ya ɓalle.

"Wa ya sa mishi lalle?"

"Ango ne ai."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce aure yana nan tunda yana da rai, amma riƙo ya ƙare. Ta yi ta kuka har uwarta ta yarda, aka tafi da shi Jega a kwali.

Na huta, alhamdulillahi. Sai dai har yau in inuwa ta gifta a tsakar gida, sai in ga na duƙa neman hoge, kuma miƙewa tana ba ni wuya.