Hannuna a Kwanon Ɗan Nepal

Ni dai kwaɗayi ne ya zagaya da ni duniya, ba fasfo ba. Shekaru na yi ina tuƙa motar kafilina, wato ubangidana, a Jidda, kuma babu ƙasar da ban leƙa tukunyarta ba. A bakin unguwar Karantina na gamu da wani ɗan Nepal mai shagon abinci, tebur uku kacal. Gajere ne, magana ba ta dame shi ba. Da guntun Larabcinmu muka ƙulla abota, har ya ce in riƙa zuwa duk Juma'a bayan an sauko, zai zaga da ni ƙasarsu yanki-yanki ta hanyar girki.

Muka fara da gangare, shinkafa da miyar adas, wani ɗan ƙaramin wake, mai yajin da ya sa ni hawaye. Muka shiga birni, na ci momo, ƙullin fulawa da nama a ciki, a turare. A garin nan da kowa ke kirana "ya sawwaƙ", wato direba, shi kaɗai ke ajiye mini kujera.

Ranar da muka hau duwatsu, ya rufe shago ya tuƙa dido. Wallahi tuwon gero ne sak. Miyar kuwa ta wani ganye ce da suke tsimawa su shanya. Ya ce, "Abokina, mahaifiyata ce ta shanya shi kafin ta rasu. Wannan ne na ƙarshe."

Ya zuba mini nawa, ya zuba nasa. Na cinye nawa tas yana can yana wanke hannu. Daɗi ya kwashe ni, sai na yi yadda muke yi da wanda muka ɗauka ɗan'uwa: na gutsuri tuwonsa na dangwali miyarsa. Yana juyowa ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ture shi gefe.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Au, ƙyamata kake yi? Don ni baƙi ne?" Ya buɗe baki, Larabcin ya ƙi zuwa. Na zazzaga masa ta cikina, na buga ƙofa na fita.

Sai bayan wata biyar wani ɗan ƙasarsu mai wankin mota ya warware mini. A wurinsu, abincin da hannun mai ci ya taɓa ya zama saura, ko na ɗan'uwanka ne ba ka ci.

Na juya mota a take. Kafin in isa ashe an rushe layin gaba ɗaya, sai tarin bulo da ƙarafa. Na tambaya har na gaji, babu wanda ya san inda ya nufa.

Haushin kaina nake ji har gobe. Na cinye rabona na miyar uwarsa, na ɓata nasa, na ɗora masa zagi. Shi ko loma ɗaya bai kai baki ba.