Icen Malam da ya ba gonata faɗi

Ko da zan manta da komai na aikin fakon Barmu, ban da ranar da aka ja igiya. Ni ban san biro ba, faɗa nake ana rubutawa domin ku matan da kuka shigo ƙungiya bayanmu. In kun ji maganar ta tsinke, hawaye ne. Tun rasuwar Malam haka nake.

Fako ƙasa ce da ta mutu, ko ciyawa ba ta fitowa. Da proje, wato aikin raya ƙasa, ya zo daga Tawa, mata aka ɗauka. Wasu na haƙa ramukan tare ruwa, wasu na jera duwatsu, kowa ta dasa itatuwan dakwara a inda take aiki. Ni ce shugabar masu duwatsu. Maigidana, Malam Idi, shi ne mai gadin wurin renon itatuwa.

Tun farko shef, wato shugaban projen, ya faɗi ƙa'ida: bayan damina ta uku, kowace mace za a zagaye itatuwanta da suka rayu da igiya, abin da igiyar ta rufe shi ne gonarta. Icen da ke tsakiya ba ya ƙara komai, na bakin waje su ke riƙe igiya.

Ranar awo, bayan girbi, aka turo mana malamin daji, Sani, mutum mai fara'a. Ya fara da ƙawata Ta-Allah, wadda ta fi kowa yawan itatuwa amma ta cusa su wuri guda kusa da hanya. Da aka ja igiya, filin bai fi shimfiɗar tabarmi ba.

"Malam Sani, ƙara sakin igiyar mana," in ji ta.

"Inna, igiya ba ta da dangi."

Na yi dariya har na riƙe ciki. Ta-Allah ta harare ni ta ce, "Yi dariyarki, Hajo, naki na tafe."

Nawa kuwa sun fi na kowa kyau, don bin jerin duwatsu na yi ina dasawa, ɗaya bayan ɗaya, tun daga bakin ƙorama har gindin tudu. Sani ya ɗaura igiya a na farko, ya tafi har ya zama ɗan mitsitsi, ya zagayo na ƙarshe ya dawo. Igiyar tafiya da ta dawowa suka kwanta a jikin juna.

Ya sosa kai. "Inna, tsawo kam babu mai irin naki. Faɗi ne babu."

"To ina tawa gonar?"

"Babu gona. Layi ne. Sai an samu ice ko ɗaya da ya fita gefe, sannan igiya ta buɗe."

Ta-Allah ta ce, "Sai ki shuka gero a kan igiyar." Mata suka fashe da dariya, ni ma na yi yaƙe. Ba mu da gona ko taki ɗaya, aro muke yi, kuma mai gonar ya ce baɗi zai karɓi abinsa.

Sai ga Malam Idi ya taho da butarsa, yana jan ƙafa. Akwai wani icen dogon yaro can nesa wajen gabas, shi kaɗai, inda Malam yake sallar azahar. Shi ya dasa shi, da ruwan alwalarsa ya raye shi. Na sha yi masa tsiya a kai: kowa na bin layi, shi ya tafi ya kafa nasa a inda ko akuya ba ta zuwa.

Ya ce, "Ɗana, wancan fa?"

Sani ya ce, "Baba, maza ba su cikin rabo."

"Ai ba nawa ba ne. Ruwan da na zuba mishi, wa ke ɗebo shi daga rijiya kowace safiya?"

Sani ya dubi mata, suka ce gaskiya ne, Hajo ce. Ya ɗauki igiya ya nufi gabas. Ina kallo tana buɗewa, har ta yi kusurwa uku, fili mai cin kwanaki ana noma.

Malam ya raɗa mini, "Uwar Habsu, a ci gaba da tsiyar?"

"Bari sai mun je gida," na ce.

Ba a ƙara ta ba har ya koma ga Allah bara. Allah Ya jiƙan shi, Ya sa ya huta.

Ku da kuke dasawa yanzu, ku watsa itatuwanku, ku kula da na gefe. Kuma in kun ga wani a cikinku ya fita layi, kada ku yi saurin zaginsa. Ni kullum na gama noma, a inuwar wannan dogon yaro nake zama, in zuba mishi sauran ruwan butata, in yi kukana, in tashi.