Daga Belbeji zuwa Kumasi, Neman Ɗiyar Baba Garba

Litinin: fita

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na bar ƙauyenmu a bayan babur, jaka a cinya, buhun tsaraba ɗaure a baya. An kwana ana ruwa, rairayi ya lafa, gero ya kai gwiwa. Kafin in hau sai da na leƙa ɗakin Baba Garba, yayan mahaifina. Yana kwance, ya rame har ana ganin haƙarƙarinsa. Ya kama hannuna ya ce, "Ilu, kai ne mai Ingilishi a gidan nan. Ka je ka zo mini da ita. Jikina yana ba ni ba zan ga kakar bana ba."

Ita ɗin ɗiyarsa ce, wadda babu wanda ya taɓa gani a cikinmu. Yana saurayi ya tafi Kumasi cin rani, kamar yadda samarin Damargu suke yi a wancan zamani. Ya yi dako, ya yi gadi, ya auri wata 'yar ƙasar. Sai gwamnatin Ghana ta ba baƙi marasa takarda wa'adi su fice, aka loda su a manyan motoci, ya baro mace da jaririya. Shekara hamsin da 'yan kai ke nan. Bana ne wani mutumin garinmu da ke sayar da albasa a can, Alhaji Sule, ya aiko cewa ya gano ta.

Ni kuwa shekara ashirin ina mushen Ingilishi, wato malami, a kwalejin Belbeji. Na koyar da kogin da ya ratsa Landan, da majalisun Ingila guda biyu, da jihohin Amurka kowace da gwamnanta, duk daga littafi da taswirar bango. Amma ƙafata ba ta taɓa taka ƙasar da ake Ingilishi ba, ko Najeriya da ke nan ƙofar gida. Abin kunya ne, na sani, kada ma ku gaya wa ɗalibaina.

Shida da rabi muka tashi daga tashar Belbeji a akori-kura, mu da yawa, da awaki biyu. Daji ya yi kore shar, raƙuma na kiwo can nesa kamar ba su da mai su. Na yi ta gyangyaɗi ina farkawa, ina ƙoƙarin zana fuskar matar nan a raina, kullum sai ta fito mini jaririya. Da muka hau kwaltar da ta taso daga Tanut, ƙuguna ya gode Allah. Ɗaya da rabi muka shiga Damagaram, kusan kilomita ɗari biyu, na kwana gidan wani abokin karatuna.

Talata: Damagaram zuwa Kano

Bakwai na safe muka kama hanyar Matamaye. A taswirar ajinmu Nijar da Najeriya launinsu daban, don haka da muka doshi iyaka na yi ta leƙen ƙasa ta taga, wai ko zan ga inda launi ya sake. Ina! Gero ɗaya, kuka ɗaya, mata masu fura ɗaya. Iyakar duka igiya ce da ganguna biyu.

Jandarma da duwan, wato kwastan na wajenmu, suka duba takardata suka sallame ni. A ɗaya ɓangaren ma'aikaci ya tambaye ni da Ingilishi ina za ni. Na gyara murya, na zuba masa amsa doguwa mai ladabi, irin wadda nake sa yara su haddace. Ya dube ni, ya dubi abokinsa, sai ya kwashe da dariya ya ce da Hausar Daura, "Malam, kai daga cikin wane littafi ka fito?" Ya buga hatimi yana share hawaye. La'asar muka isa Kano, kilomita ɗari biyu da arba'in, na ci tuwon shinkafa a tasha, na kwana a ɗakin baƙi na nan kusa.

Laraba da Alhamis: Kano zuwa Legas

Shida na safe babbar bas ta ɗaga. Tafiyar ta haura kilomita dubu. Abin da nake rubutawa a allo na gan shi da idona: kowace jiha da allonta a bakin hanya, da kirarinta, da hoton gwamnanta yana murmushi. Shingen 'yan sanda kuwa na ƙirga har na gaji na bari. Bayan Kaduna gero ya ɓace, masara da doya suka karɓa, itatuwa suka fara tsawo.

Wajen ƙarfe huɗu direba ya ɗaga murya, "Mutumin Nijar, tashi ka ga ruwanku!" Muna kan gadar kogin Kwara, wanda ƙasarmu ta ci sunansa na Turawa, kusa da Lokoja. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, kwalekwale ɗaya tak a tsakiya, mai shi yana tsaye bai ko motsi. Na tuna rijiyar ƙauyenmu da raƙumi ke tafiya mai nisa kafin guga ya fito. Na tuna Baba ma ya ƙetare wani ruwa irin wannan a bayan mota, yana waiwaye. Na kwana a zaune, na farka a Legas da asuba. Ingilishin Legas bai san nawa ba, nawa ma bai san shi ba. Hausa ce ta kai ni Agege, unguwar da Hausawa suke, ta ba ni tabarma da shayi.

Juma'a da Asabar: bakin teku

Ranar Juma'a iyaka uku muka ƙetare. Da safe Ingilishi, da hantsi Faransanci a Benin, da azahar Faransanci a Togo, da la'asar Ingilishi kuma. A Lome aka ce in mai da agogona baya da awa ɗaya. Na murɗa shi ina cewa a raina, da ma haka ake maido wa mutum shekara hamsin.

A Aflawo, bakin iyakar Ghana, na ga teku. Kai, jama'a! Shekara ashirin ina nuna shi da sanda, shuɗin fenti a takarda, ashe numfashi yake yi. Na cire takalmi na tsaya, ruwa ya zo ya taɓa ƙafata ya koma, ya janye rairayin da ke ƙarƙashina. Ban san tsawon tsayuwata ba sai da direba ya danna oda ya ce, "Malam, in ka shanye shi ka zo mu tafi." A Akara na kwana. Asabar da safe muka yi arewa, kilomita ɗari biyu da hamsin cikin kurmi, gonakin koko hagu da dama, hazo kwance a kan duwatsu har tsakar rana. Alhaji Sule ya tare ni a tashar Kumasi ya kai ni Zango, inda na ci wake da shinkafa, na ji ana kiran salla da ciniki da Hausa kamar ina Tanut.

Lahadi: gidan kawunta

Alhaji Sule ya ce uwarta ta rasu tuntuni, kuma ba gidan mijinta za mu ba, gidan kawunta za mu, ƙanen uwarta, bayan an taso daga coci. Na yi mamaki amma ban tambaya ba. Ya ce, "Ilu, ka bi a hankali, Tonawa ba kamar mu ba ne." Tonawa su ne Asantawa a bakin Hausawan can. Na ce masa kada ya damu, ai na karanta. Wayyo ni da karatu!

Muka tarar da mutane zaune a tsakar gida, tsoho a tsakiya ya yafa zane ya bar kafaɗa ɗaya a buɗe. Muka bi su da musabaha daga dama zuwa hagu, aka ba mu ruwa, sannan aka tambayi abin da ya kawo mu. Ita tana gefe a kan kujera, dattijiya mai sayar da atamfa a kasuwa, har ta yi jikoki. Ban buƙaci a nuna mini ita ba. Dogon wuyan Baba, wushiryar Baba, har yadda take murza kunne in tana saurare. Zuciyata ta karye.

Na miƙe, na baje tsaraba: kilishi, cuku, dabino. Na ce ubanta ba shi da lafiya, ni ɗan ƙanensa ne, na zo in kai ta gidansu na asali, domin jininmu ce. Ina faɗin haka Alhaji Sule ya take mini ƙafa.

Tsohon ya yi magana a hankali, Alhaji Sule yana mayar mini da Hausa. "Baƙo, a nan jini na uwa ne. Yarinyar nan tamu ce, 'ya'yanta namu ne, ɗanta ne zai gaje ni. Sarkin Asante kansa ta wajen uwa yake hawa kujera. Ba ka da jini a gidan nan. Uba kuwa abu ɗaya ne a wuyansa wanda ba mai yi masa, shi ne ya ba ɗa suna a rana ta takwas. Ɗan'uwanka ya tafi tana kwana huɗu. 'Yar'uwata ta ce ba mai taɓa hakkinsa, zai dawo. Har ta mutu tana cewa zai dawo. Muna kiran yarinyar Yaa, don ranar Alhamis aka haife ta, wannan kuwa ranar ce ta ba ta, kyauta. Ka zo da nama, mun gode. Sunan fa, ka zo da shi?"

Yaa, wato Lami a wajenmu. Shekara hamsin da wani abu tana yawo da sunan rana kawai, sai wani da aka ara mata a makaranta don cika takarda. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Sai ita ta yi magana, da Hausar kasuwa, a tsinke. "Ɗan'uwa, ban ƙi shi ba. Amma in na je ƙofar gidansa na yi sallama, aka ce wane ne, me zan ce?"

Komawa

Ƙauyenmu waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Sai da yamma na samu wani ɗan Baba a waya, ya ce kwana biyu ke nan tsohon bai yi magana ba, ruwa kaɗai yake sha. Wannan tambaya kuwa ba wadda ake aikawa a yi ihu da ita a kunnen mara lafiya ba ce. Litinin da asuba na juyo. Teku, Legas, Kwara, Kano, duk na wuce su kamar a mafarki, ban ga komai ba. Addu'ata biyu ce: in same shi da rai, kuma ya zama bai manta ba.

Asabar bayan la'asar babur ya sauke ni a ƙofar gida. Ban ji kuka ba, ban ga tabarmi a waje ba, sai na ce alhamdu lillahi. Na shiga na durƙusa. Ya buɗe ido ya dubi bayana.

"Ina take?"

"Baba, ba ta zo ba. Sunanta take jira."

Hawaye ya gangaro ya shige kunnensa. "Ashe ba su sa mata ba? Ni ina nan ina jin nauyi, na ɗauka wani ya riga ni." Ya ja numfashi. "Tun tana ciki na ajiye shi. A nemo rago. A gaya wa liman."

Lahadi da safe aka shimfiɗa masa katifa a amalanke, bijimin sa ya ja shi har kan tudu, maza na biye da tabarmi da goro. Na kira Kumasi, Alhaji Sule ya ce tana nan, kawunta ma yana nan. Baba ya raɗa wa liman a kunne, aka yi fatiha, aka yanka rago, liman ya ɗaga murya ya ce an samu Hadizatu. Sunan mahaifiyar Baba ne, kakarmu, don haka bakinsa ba zai iya kama shi ba. Na kara masa waya. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya ce, "Inna."

Can muka ji ta ce, "Na'am, Baba."

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni a kan lokaci. Na gode wa Alhaji Sule, da mutanen Zango da na Agege, da direbobin da suka yi haƙuri da ni, da kawunta, tsohon da ya koya mini abin da babu shi a littafina. Baba ya cika bayan kwana tara, ba su ga juna ba. Ranar sadakar uku saƙon ta'aziyya ya shigo wayata daga Kumasi, layi biyu. A ƙasa ta rubuta: Hadizatu Garba.