Ranar Lamba a Tsibiri

Shekarar da aka zo yi mana lambar agana a Tsibiri, ni da matar yayana a cikin rumbu muka yi hantsi.

Baba ne ya sa. A zamanin Nasara duk wanda aka rubuta a littafi, lanho, wato haraji, ya hau kansa, kuma kowa ya san littafin likita a ofishin kumandan yake kwana, can Maraɗi. Gidanmu mutum biyu aka ɓoye wa masu ƙidaya: ni, da amaryar da yayana ya auro daga Jiratawa. Da aka ji kukan mota, Baba ya ce, "Ku biyun nan ba ku duniya yau. Ku hau."

Muka hau, aka kifa murfi. Ƙaiƙayin hatsi ya shiga zannuwanmu. Ta yi atishawa, na dube ta, sai dariya. Na cusa bakin zane a baki, ita ta ciji hannunta, rumbu sai rawa yake yi.

Malamin asibitin wani dogon Bamaraɗe ne mai farar riga. Muna jin shi yana tambayar Baba, "Iyalin ke nan duka?"

"Ke nan, malam."

"To, baba, hatsinka na bana da fara'a yake."

Nan muka fashe gaba ɗaya. Inna ma da ke riƙe da taɓarya ta zauna ƙasa tana share hawaye. Muka sauko fari fat da ƙura, Baba kaɗai fuskarsa a ɗaure.

Ya ce, "Malam, in ka rubuta su, ka kashe ni. Gyaɗar bana ba ta yi ba."

Malamin ya zauna bisa turmi. Ya ce shi ma a matse yake: in bai kai sunaye ba, ba za a ƙara ba shi magani ba, in ya kai, gardi, dogarin kumandan, ya biyo sawunsa karɓar lanho. Ya sha roƙon a raba littafin nan biyu, na magani daban, na lanho daban, an ce babu kuɗin takarda.

Ya tsaga mana damtse, ya ɗiga maganin, sannan ya lashi bakin alƙalami ya rubuta: matafiya biyu.

Kafin azahar labari ya zaga unguwa. Rumbuna suka yi ta haihuwa, har da wata tsohuwa da aka zaro daga randar rini. Ranar nan matafiya sun cika Tsibiri, ba ko jaki ɗaya a bakin hanya. Mu kuwa muna bin layi muna nuna wa mata damtsenmu kamar sabon awarwaro.

Da agana ta shigo da rani, ba ta ɗauki kowa a gidanmu ba. Malamin dai an gano shi, aka maida shi wani gari can arewa. Baba ya tafi Maraɗi da zabi biyu don ya yi masa ban kwana, ya tarar motarsu ta tashi tun da safe.