Ganye na Bakwai

Shekara hamsin Gobnait Devanney ta yi tana haɗa maganin ƙuna a ƙauyensu na yankin Leitrim, can ƙasar Turawa, da ganye bakwai da man shanu marar gishiri. Duk wanda wuta ta taɓa a yankin, ɗakin girkinta ake kawo shi. Yanzu gwiwoyi sun ƙi, hannu na rawa, ta gaji da tsugunno a gindin shinge ruwan sama na dukanta. Gaskiya dai ta gaji da komai.

Ƙa'idar maganin ce ta hana ta hutawa. Mace namiji take ba wa, namiji ya ba mace, a faɗa sau ɗaya tak, ba a rubutawa. In aka saɓa, magani ya mutu. Ita a wurin kawunta ta karɓa. Ɗanta na can birnin Boston, ƙetaren teku, ko waya sai ya ga dama. 'Yarta Orla ce ke so, ga ta mace.

"Mama, ki faɗa mini kawai mana. Wa zai sani?"

"Maganin zai sani," in ji Gobnait.

Daga ƙarshe ta yanke shawarar ta faɗa wa wani namiji, shi kuma ya faɗa wa Orla. Namijin da ya rage a kan tudun da suke zaune shi ne maƙwabcinsu Malachy, ɗan shekara tamanin da huɗu, mai neman hularsa tana kansa.

Ta zaunar da shi, ta cika masa kofi da shayi, ta jera masa sunayen ganyen a kunne ɗaya bayan ɗaya.

"Ka riƙe, tsohon kawai?"

"Haba Gobnait! Ni da na san tumaki ɗari biyu da fuska?"

Taku ashirin ne zuwa tsakar gida inda Orla ke jira. A hanya ya tsaya korar kaza.

Bayan kwana biyu Orla ta tsaya a bakin ƙofa da kwalbar da ta haɗa, fuskarta cike da murna. Gobnait ta shinshina sau ɗaya, nan take ta gane. Ganye shida ne. Babu slánlus, siririn ganyen nan da ke haɗe fata, wanda ya tsiro har a gindin dokin ƙofarta. Ita kuwa ta riga ta faɗi nata sau ɗayan.

"Ya yi, Mama?"

Gobnait ta dubi takalmin 'yarta, ga ganyen a murƙushe a ƙarƙashinsa. Ba dama ta sake faɗin sunansa.

"Matsa daga nan," ta ce a hankali. "Kina taka mini ciyawa."

Orla ta matsa, ko ƙasa ba ta kalla ba.