Sunan Yankan Ɗanmalam

Duk Bahaushen da ciwo ya taɓa kai shi Alƙahira a shekarun nan, da wuya a ce bai shiga motar Ɗanmalam ba. Tsohuwar farar mota ce, ƙofar bayanta sai an ɗan ɗaga ta kafin ta rufu. Da ita yake tarbo marasa lafiya daga filin jirgi, ya kai su asibitocin unguwar Dokki, ya yi musu tafinta a gaban likita, ya nemo musu masauki, ya kuma san shagon da za a samu garin da ya fi kusa da na tuwo. Wanda ya warke ya mai da shi filin jirgi. Wanda kwanansa ya ƙare, Ɗanmalam ke shiga ya fita har a sa shi a makwancinsa. Abincinsa ke nan, ba shi da wani.

Mutumin Tsafe ne. Karatu ya kawo shi Masar yana ɗan shekara ashirin da biyu, amma karatun bai yi ba. Ba daƙiƙi ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. Mutum ne dai wanda in aka ce ga baƙo can ya rasa hanya, to littafi ya rufu sai gobe. Abokansa suka gama suka koma gida suka zama limamai da alƙalai, shi kuwa ya kama ɗaki biyu a Hadayik el-Ma'adi, ya koyi tuƙi, ya zauna.

Ɗanmalam ba sunansa ba ne. Sunan kakansa aka sa masa, wani malamin zaure mai suna Zubairu, don haka tun ranar suna bakin kowa a gidan ya rufu. Uwarsa ba ta iya kiran sunan surukinta, ubansa ba ya iya kiran sunan mahaifinsa, ƙanne kuwa abin da suka ji manya na faɗa shi suka ɗauka. Har uwar ta koma ga Allah bai taɓa jin ta ce Zubairu ba. Masu kiran sunan nan su ne malaman makaranta ranar jarrabawa da jami'an fasfo, kuma na Masar ma lanƙwasa shi suke yi, su ce Zubeer. Shi ya sa in ya ji shi gabansa kan ɗan faɗi, don bai taɓa zuwar masa da fara'a ba.

Matarsa Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce. Uwarta Bamisiriya ce daga Aswan, ta rasu ta bar ta tana tatata, sai kakarta ta wajen uba ta riƙe ta a Gadarif. Tsohuwar nan irin mutanen da ce, waɗanda iyayensu suka taso hajji a ƙafa suka tsaya a hanya, suka riƙe al'adar da mu a gida ma mun fara saki. Daga uwa Awadiyya ta gaji takardar zama 'yar Masar, daga kaka ta gaji kunya. Shekara goma sha ɗaya da aurensu, in tana kiransa Malam take cewa, in tana zancensa baban Humaira, wato 'yarsu. Maƙwabtanta mata kuwa daga bene na huɗu suke ƙwala wa mazansu kira da suna gatsal, kan a taho da burodi. Ita dai takan yi murmushi ta ja labule.

Abin ya faru ne a watan Janairun 2014. Wani dattijo daga Gusau ya gama ganin likita zai koma, aka sallame shi da jakar magani da maganganun da ba sa ƙarfafa zuciya. A filin jirgi sanyin Alƙahira ya kama shi cikin 'yar taguwa, haƙora na haɗuwa. Ɗanmalam ya tuɓe kwat ɗinsa ya yafa masa, ya ce ya tafi da ita. Sai da ya zo Ma'adi ya shafa ƙirji ya tuna. A aljihun ciki na kwat ɗin nan akwai ruksa, wato katin motar, tare da takardar cinikin da ya saye ta da ita, duk a leda ɗaya. Ya yi ta neman layin wayar dattijon. Ranar da ya samu, dattijon ya kwana uku da rasuwa, kayan sawarsa kuma an rabar sadaka. Ɗan mamacin ya yi alkawarin bincikawa. Ɗanmalam ya yi masa ta'aziyya, ya ce ya bar shi kawai.

A shekarar nan kuwa ba a wasa da takarda. Kowace gada da shingen 'yan sanda, baƙin mutum a mota ba ruksa ai ya kai kansa. Ya ajiye motar a gindin bene ya lulluɓe ta, ya kai rahoto caji ofis, ya ɗauki takardar ya nufi ofishin motoci.

Ma'aikacin da ke taga ta shida wani siriri ne mai tabarau a kan hanci. Ya duba ya ce motar har yanzu da sunan mai ita na farko take. Ina shi? Ya tafi Kuwait tuntuni, ba wanda ya san inda yake. Ina takardar ciniki? Tana Gusau a jikin wani bawan Allah. Ma'aikacin ya sauke tabarau ya ce hanya ɗaya ce ya gani, Ɗanmalam ya kawo damin. Damin shi ne mai tsaya wa mutum, ya sa hannu cewa ya san shi, ya san motar tasa ce, kuma in wani ya ɓullo gobe da tsohuwar takarda yana iƙirari, shi za a kama.

Wannan bai ta da hankalin Ɗanmalam ba. Yana da Mainasara, wanda ke aiki a wani kamfanin fatu a Dokki, takardun zamansa lafiya lau. Jirgi ɗaya ya kawo su Masar. Shekara goma sha shida suna cin abinci a kwano ɗaya, Mainasara ne ma ya karɓar masa auren Awadiyya. Ranar zuwa ofishin motoci ya sa babbar riga ya zo, yana tafe yana baza ƙamshi.

Ma'aikacin ya kife fasfon Ɗanmalam a kan tebur, ya tambayi Mainasara da Larabci, "Ka san wannan?"

"Kamar tafin hannuna."

"Mene ne sunansa?"

"Ɗanmalam."

Ma'aikacin ya ɗaga fasfo ya leƙa, ya sake kifewa. "Sunansa nake tambaya."

Mainasara ya shiga laluben sunan a ransa. Ya san ya taɓa ji, ranar ɗaurin aure an faɗa, amma a lokacin hankalinsa na kan rabon dabino. Ya dubi abokinsa ya dubi silin. Da ya yi shiru ma da sauƙi, amma Mainasara ba ya son a ga ya gaza, sai ya ce, "Zakariyya."

Ɗanmalam ya shiga bayani, cewa a ƙasarsu akwai sunan yanka akwai laƙabi, wanda ya ci sunan kaka ɓoye masa ake yi. Ma'aikacin bai ga abin ganewa a nan ba. Shi abin da ya gani, baƙo mai suna uku, ba takarda, ga shaidar da bai san shi ba. Ya ce saura dama ɗaya, kuma wannan karon ɗan ƙasa yake so mai katin shaida. In aka sake irin ta yau, fayil ya wuce wajen masu bincike, motar kuma a ɗauke ta sai ranar da mai ita ya dawo daga Kuwait.

A hanya Mainasara ya yi ta ba da haƙuri, yana cewa ai dai ya kama harafin farko. Ɗanmalam bai yi fushi ba. Abin da ya tsaya masa a rai daban ne. A garin nan ya san ɗaruruwan mutane, ya kwana a asibiti da iyayen wasu, ya wanke gawar wasu, amma a ce a kawo mutum ɗaya da zai faɗi sunansa, babu. Abin ya yi masa ciwo, kuma bai san wa zai zarga ba, tunda duk cikin girmamawa aka yi masa haka.

Sati uku mota na lulluɓe, kuliyoyin unguwa sun mai da ita gado. Waya na ta shigowa daga Kano da Sakkwato, yana tura mutane wajen wasu direbobi, ya kuma san wanda ya tafi ba lallai ya dawo ba. Ya gwada mai gidan da yake haya, mutumin ya ce ko ɗan'uwansa ba ya tsaya wa. Ya gwada bakanikensa, ya ce sai ya yi shawara, shawarar ba ta ƙare ba har yau.

Awadiyya duk tana gani. Ran nan da hantsi tana tsince shinkafa ta ce, "Malam, ni fa ina da katin shaidar."

"Na sani."

"To?"

"Layin wurin nan ba na mata ba ne."

Ba layi ne ya dame shi ba, ita ma ta san haka. Ya san tambayar da ke jira a taga ta shida, kuma bai ga yadda zai tsai da matarsa a bainar jama'a a sa ta yin abin da kakarta ta raine ta a kan kada ta yi ba. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Da ta gama ta ce gobe in Humaira ta tafi makaranta ya jira ta, za ta sa mayafi.

Sun yi awa biyu a layi. Ma'aikacin ya gane shi, ya karɓi katin Awadiyya ya jujjuya, ya dube ta, ya kife fasfon kamar wancan karon.

"Mene ne tsakaninku?"

"Maigidana ne."

"To abu ya zo da sauƙi. Sunansa?"

Ta ce a ba ta biro ta rubuta. Ya ce a'a, ya gaji da wasan mutanen nan, da baki yake so. Ta ce baban Humaira ne. Wata mata a bayansu ta tuntsire da dariya, ta ce yau ga wadda ta manta sunan mijinta, ita kam ta huta. Mutanen layi suka ɗauki dariya. Ma'aikacin ya fara tattara takardun yana haɗa bakinsu.

Ɗanmalam ya ce mata da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Mu tafi. Mota ce kawai."

Ba ta motsa ba. Ta gyara mayafi, ta dafa bakin tagar da hannu biyu. Ba ta dubi ma'aikacin ba, ba ta dubi mijinta ba, ƙasa ta duba. Ta faɗe shi a hankali, yadda ake faɗarsa a gida, ba lanƙwasa, har da wasalin ƙarshe.

"Zubairu."

"Na'am," in ji Ɗanmalam.

Bai yi niyya ba, fita kawai ta yi. Shekara talatin da takwas a duniya, ranar ce ya fara jin sunan nan daga bakin wanda ke ƙaunarsa, kuma ya ji kunya, ya ji daɗi, ya ji uwarsa ta faɗo masa a rai, duk a lokaci ɗaya. Ma'aikacin ya dube shi ya dube ta. Ya buɗe fasfon ya karanta, ko sunan uba bai tambaya ba. Ya turo mata takarda ya nuna inda za ta sa hannu, ya buga hatimi, ya ce a dawo ranar Lahadi a karɓi sabuwar ruksa.

Suka juya. Matar da ta yi dariya ta matsa ta ba su hanya. A kan matakala yana gaba tana biye, ya rage tafiya har ta cim masa. Ya so ya yi godiya, ya ga godiya ta yi kaɗan, sai ya ɓuge da tsokana.

"Ashe kin iya."

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Kullum ina faɗa, in na yi salla," ta ce. "Malam, duba gabanka, matakalar nan ta karye."